Shamfun curi, sabulun salo ko karkashi: wanne ya fi rage mana bola?

'Yar'uwa, na ga tambayarki tun daren jiya, barci ne ya fi ƙarfina. Kin ce kin share banɗaki kin tattara robobin shamfu da na man gashi da suka ƙare har guda bakwai, abin ya tsaya miki a rai. Kin kuma ga ana tallar wani shamfu mai kamar sabulu a ɗan kwali, wai ba ya ɓata muhalli, amma kuɗinsa ya sa kin ja baya. Shi ne kike tambaya: ki daure ki saya, ko ki koma wa sabulun salo irin na iyayenmu?

Duka biyun na wanke kai da su. Da shara kaɗai za a duba, da sabulun salo ya yi nasara tun kafin a fara. Sai dai kanki ne za ki wanke, ba tukunya ba, don haka akwai abin dubawa. Akwai kuma na uku da ba ki ambata ba, karkashi, wanda a gidana shi ya kori robobin.

Bari mu fara da na robar da kike son rabuwa da shi. Ki juya bayan kwalbar ki karanta jerin abin da aka haɗa shi da su. Kalmar farko kusan kullum "Aqua" ce, wato ruwa. Shamfun ruwa, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 nasa ruwa ne, shi aka ɗura a roba, aka loda a mota ko jirgi, ke kuma kika biya kuɗin dakonsa. Ita kanta robar ba duka ce mai laifi ɗaya ba. A gindinta akwai ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a ciki. Mai lamba 1 da mai lamba 2 'yan jari-bola suna ɗauka, ana niƙa su a sake narkawa. Kan nan da ake dannawa ya feso kuwa, roba ce iri-iri haɗe da siririn ƙarfe a ciki, ba mai wahalar rarraba shi. Mafi muni su ne 'yan ƙananan ledojin shamfu da ake ratayewa jere a shago, na wanki ɗaya. Leda ce da aka manna da alminiyom hawa-hawa, ba ta narkuwa ta koma wani abu, ƙarshenta kwata, mu haɗu da ita da damina. Rahoton OECD, wata ƙungiyar ƙasashe mai nazarin tattalin arziki, na 2022 ya ce kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Ki riƙe wannan duk lokacin da kika ga an rubuta a kwalba cewa ana iya sake sarrafa ta. Ana iya, ba an yi ba.

To shamfun curi, wato mai kamar sabulun nan da kika ga ana talla. Ba sabon abu ba ne a Turai. Kamfanin Lush da aka kafa a garin Poole na Ingila a 1995 ya daɗe yana sayar da shi, Ethique na New Zealand kuma ya fara a 2012. Dabarar mai sauƙi ce: a cire ruwan, a bar sinadarin wankin a dunƙule, sai kwali ya ishe shi. Masu yin sa kan ce curi ɗaya yana maye gurbin kwalba biyu zuwa uku. Ni ban ga haka a kaina ba. Da gashin da ke zamewa a mataji aka yi wannan lissafin. Namu mai cika, wanda ya sha mai ya yi sati biyu a kitse, yana cin curi da sauri. Duk da haka ya fi kwalba ɗaya daɗewa, idan kin iya ajiyarsa.

Ajiyar ce ta kayar da ni da farko. Na yi odar wani daga wata mai sayarwa ta intanet, ya iso a kwalinsa mai zanen ganye, an naɗe kwalin da leda mai ƙurajen iska, an saka a wata ledar, an zagaye da salatif kamar kayan da za su Saudiyya. Ledar da na kwance a ranar ta fi robar shamfu ɗaya yawa. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Sannan na bar shi a gefen bokiti, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa, kafin sati ya zagayo rabinsa ya zama kunu. Yanzu a kan tsohon soson buhu nake ɗora shi a taga, inda iska ke bugawa, kuma ba na sayen wanda sai an aiko mini daga nesa.

Ga inda ake yaudarar mutane. Curin iri biyu ne, kuma a ido ba ki isa ki bambance ba. Akwai wanda shamfu ne na gaskiya da aka busar. A jerin kayan haɗinsa za ki ga "Sodium Cocoyl Isethionate" ko makamancinsa. Akwai kuma wanda sabulu ne kawai, mai da soda, aka canza masa suna aka ninka kuɗi. Shi kuma za ki ga "Sodium Palmate", "Sodium Cocoate" ko "Sodium Olivate". Idan wannan na biyun ne, wallahi gara ki sayi sabulun salo na kuɗi kaɗan, aikinsu a gashi ɗaya ne.

Dalilin da ya sa na damu da wannan bambanci shi ne ma'aunin da ake kira pH. Fatar kai tana wajen 5.5, wato tana da ɗan tsami-tsami. Shamfu mai kyau, na ruwa ko na curi, ana daidaita shi kusa da nan. Sabulu kowane iri yana wajen 9 zuwa 10, ɓangaren kanwa ke nan. Silin gashi kuma a lulluɓe yake da ɓawo-ɓawo kamar na kifi, a kwance suke idan gashi yana lafiya. Abu mai ƙarfin kanwa yana ɗaga su, sai gashi ya yi kaushi, ya riƙa sarƙewa, mataji ya riƙa fitowa da guntaye. Wadda ta sa man miƙar da gashi ita abin ya fi yi wa illa, domin nata ɓawon ya riga ya sha wuya.

Ruwan da kike wanka da shi ma yana da ta cewa. Ki leƙa cikin butar da kike dafa ruwa. Idan akwai farin abu da ya daskare a gindinta, ruwanku mai nauyi ne, kamar na rijiyoyi da burtsatse da yawa. Sabulu idan ya haɗu da irin wannan ruwa ba ya kumfa sosai, yana barin wani danƙo mai toka-toka. Shi ne kike gani a gefen baho, kuma shi ne ke maƙalewa a gashi. Na taɓa jera wata biyu ina wanke kai da sabulun salo da ruwan 'yan garuwa. Mai kitsona ce ta fara magana. Ta tsefe gefe ɗaya ta ce, "Hajiya, me kika sa wa kan nan ne? Ya koma tsintsiya." Shamfun curi na gaskiya ba ya yin wannan danƙon, ko da wane ruwa.

Ba rena sabulun salo nake yi ba. Ta fuskar shara babu kamarsa: toka ce da mai, man kaɗanya ko alayyadi, ana dafawa a gida. Wanda ake kawowa daga Gana da ƙasar Yarabawa da tokar ɓawon koko ko na agada ake yi. Kina iya zuwa da mazubinki a yanko miki, ba kwali ba roba, kuɗin kuma ya shiga hannun matar da ta tuƙa shi. Yana cire datti da maiƙo fiye da komai. Idan za ki yi amfani da shi, kada ki goga curin kai tsaye a gashi. Ki gutsiri kamar girman goro ki jiƙa a kofin ruwa, ki wanke fatar kan da ruwan, ki ɗauraye sosai, sannan ki bi da ruwa lita ɗaya da kika matsa rabin lemon tsami ko kika zuba cokali ɗaya na ruwan khal. Tsamin ne ke kwantar da ɓawon. Sau ɗaya a wata ya isa, ranar da kan ya sha mai da ƙura. Ki kuma lura da na kasuwa: na gaskiya ruwan ƙasa ne mai duhu, mai taushi, yana jan laima. Wanda ya yi baƙi ƙirin, sumul, mai ƙamshin turare, yawanci rini aka sa masa.

Yanzu karkashi. E, shi ɗin dai na miya, wanda wasu ke ce wa yoɗo. Matan Chadi sun daɗe suna wanke kai da shi, a can ake ce masa ambunu, kuma da wannan sunan ake tura shi Amurka da Turai a 'yan jakunkuna da tsada, alhali mu muna auna shi a gwangwani a bakin kasuwa. Yauƙin nan da ke sa miyarsa ta bi tuwo shi ne aikin. Ganyen yana da ɗan sinadarin wanki na halitta, yauƙin kuma yana sa gashi santsi har yatsa ya ratsa.

Yadda nake yi: busasshen ganye cikin tafin hannu ɗaya, wanda ba a daka ya yi laushi ba, na zuba a kwano, na kwarara ruwan zafi kamar kofi uku, na rufe minti 15. Idan kin ɗaga cokali za ki ga yana bin sa kamar zare. Sai na tace da tsohon ɗankwali, na murɗe shi sosai. Kada ki tsallake tacewar nan. Ranar da na yi ganda na zuba haka nan, kwana uku ina tsintar ganye a kai. Ina raba gashin gida huɗu, na shafa ruwan tun daga tushe, na warware da yatsu kafin mataji ya shiga. Gashin da ke biyo mataji bayan tsifa ya ragu ƙwarai, wannan da idona na gani. Tukar kuma gindin bishiyar lemon tsakar gida nake zuba ta. Babu abin da ke zuwa bola.

Aibinsa biyu. Ba ya kumfa, kuma wadda ta saba da kumfa za ta ji kamar ba ta yi wanki ba. Ba ya kuma iya cire mai mai nauyi. Idan kina shafa basilin ko kina cika kai da haɗin gyaran gashin nan na garin chebe da man karkar, karkashi shi kaɗai ba zai fitar da su ba, nan ne curin ko sabulun salo ke shigowa. Ba a kuma ajiye ruwansa, a zafin nan namu kwana ɗaya ya yi tsami. Ki haɗa na ranar kawai. Garin ganyen magarya ma yana wanki, har da ɗan kumfa, amma ba shi da santsin karkashi kuma ya fi wuyar ɗaurayewa.

Amfanin karkashi da ba a cika lura da shi ba: yana ɗauke miki roba biyu ne, ta shamfu da ta kwandishana. Kwandishanan kanti da yawa santsinsu na silikon ne. Wasu nau'o'insa ba sa ruɓewa da wuri a ruwa, shi ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita biyu daga ciki, D4 da D5, a kayan da ake wankewa tun 2020.

Man shafawa ba sai na ja ba. Basilin da danginsa daga ɗanyen man fetur ake tace su, a roba suke zuwa. Man kaɗanya kina iya zuwa da kwalbar da kika wanke a auna miki. Bishiyar kaɗanya tana kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kuma itacenta na cikin waɗanda masu gawayi suka fi so. Idan manta yana kawo wa gida kuɗi, ba a saurin sa mata gatari. Curin kanti kuwa sau da yawa da man kwakwar manja ake yin sa, wanda mafi yawansa daga Indonesiya da Malesiya yake fitowa, inda aka sare dazuzzuka don shuka shi. Kalar kore da hoton ganye a kwali ba su gaya miki komai kan wannan. Lambar NAFDAC da jerin kayan haɗi sun fi su amfani, kuma wanda bai rubuta abin da ya zuba ba, ki ajiye masa kayansa.

Wani abu a gefe, tunda maganar roba ake: gashin kanti da ake ƙarawa a kitso shi ma roba ne, zare aka ja. Ranar da kika tsefe, ki tara shi a hannu ɗaya ki riƙe robar shamfu a ɗayan, ki ji nauyinsu.

Da ni ce ke, ga yadda zan yi. Ba zan zubar da shamfun da ya rage ba, zan ƙarar da shi, domin zubarwar ma ɓarna ce. Zan sa karkashi ya zama na kowace tsifa. Don ranar wanki mai ƙarfi, idan ruwanku na famfo ne mai sauƙi kuma gashinki ba a miƙar ba, sabulun salo da lemon tsami ya wadatar, ki riƙe kuɗinki. Idan ruwan burtsatse ne, ko kin sa man miƙarwa, ko kina rina gashi, to curin ya cancanci kuɗinsa, muddin shamfu ne na gaskiya da aka busar, ba sabulu ba, kuma kin same shi a garinku. Idan bai samu ba, babbar roba ɗaya mai murfin murɗawa, mai lamba 1 ko 2, ta fi ƙanana biyar, ta kuma fi ledojin shago nesa ba kusa ba. Mai amosani mai tsanani ko ƙuraje a kai kada ta bar shamfun magani da likita ya rubuta mata saboda roba.

Robobin nan bakwai kuma, ki cire kawunansu, ki ɗauraye, ki ware biyu masu faɗin baki don man kaɗanya da busasshen karkashi. Sauran ki ajiye a buhu a zaure, mai jari-bola zai wuce.