Veganuary: Wata Guda Ba Nama, Ba Madara, Ba Ƙwai

Veganuary shiri ne da Matthew Glover da Jane Land suka kafa a Ingila a 2014, domin jawo mutane su gwada barin nama da kifi da madara da ƙwai tsawon watan Janairu. Rajista kyauta ce, kuma wanda ya yi ta zai riƙa samun saƙon imel har kwana 31, ɗauke da hanyoyin girki da jadawalin abinci da bayani kan gina jiki.

Ƙarfin shirin, a ganina, shi ne ya fahimci cewa masu wannan niyya ba dalili suka rasa ba. Wani tausayin dabbobi ne ya kawo shi, wani likita ne ya ja masa kunne kan kitse, wani kuma ya ji ƙiyasin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013, cewa kiwon dabbobi ne ke haddasa kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya. Abin da ke karya musu gwiwa shi ne tsayuwa gaban murhu da yamma, ga yunwa ga gajiya, ba su san abin da za su ɗora ba, alhali girkin nama a tafin hannunsu yake. Jadawalin yana magance wannan, domin tun da safe mutum ya san zai jiƙa wake.

Sai dai wata guda ba ya isa a auna komai. Sinadarin bitamin B12, wanda jiki ke buƙata, ba ya samuwa yadda ya kamata a tsirrai, kuma hanta tana iya ajiye na shekaru, saboda haka mutum zai gama Janairu garau ya ɗauka ya tsira, alhali ƙarancinsa, wanda ke taɓa jini da jijiyoyi, a hankali yake bayyana. Duk mai son zarcewa dole ne ya nemi ƙwayar B12 ko abincin da aka ƙara wa sinadarin.

Akwai kuma cikas ɗin da imel ba zai kawar ba, wato zama cin abinci da iyali, inda ƙin karɓar abin da aka zuba maka kan zama kamar raini ga wadda ta dafa. Wanda ba shi ke riƙe da ludayi a gidansu ba, gara ya shawarci mai girkin kafin ya yi rajista.