Green's Dictionary of Slang: ƙamus mai warware sarar Turawa kan buguwa

Mai fassara fim, labari ko hira daga Turanci zuwa Hausa ya san inda gizo ke saƙa: kalmomin sara. A cikinsu ma babu masu rikitarwa kamar na maye. Bature zai ce wani ya zama hammered, ko legless, ko lit, kuma ƙamus na makaranta ba zai ce maka komai ba sai guduma, rashin ƙafa da kunna wuta. Wannan giɓin ne Green's Dictionary of Slang yake cikewa, kuma a ganina babu wanda ya kama ƙafarsa.

Jonathon Green, ɗan Birtaniya, shi ya haɗa shi. An fara buga shi a 2010 cikin juzu'i 3, aka sa shi a intanet a 2016, kuma tun 2018 kowa na iya karanta shi kyauta, har da misalan da ke ƙarƙashin kowace kalma. Ya tattaro sarar Turanci tun daga wajen shekarar 1500, daga Birtaniya, Amurka, Ostareliya, Ailan da sauran ƙasashen da ake jin harshen.

Amfani da shi ba wuya, amma akwai tsari. Ka rubuta kalmar a akwatin bincike. Zai kawo maka ita a rarrabe, suna daban, aikatau daban, sifa daban. Kalmomin buguwa galibi sifa ne, don haka ka zaɓi wadda aka yi wa alamar adj. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: sai su buɗe aikatau, su ɗauki ma'anar da ba ita ba. Misali, waste a sarar Amurka yana nufin kashe mutum, alhali wasted a bakin matasa yawanci yana nufin wanda ya sha ya yi mankas. Bayan ka shiga, za ka ga ma'anoni masu lamba, kowace da misalai daga littattafai, jaridu da waƙoƙi, da shekara da tutar ƙasar da misalin ya fito. Kada ka tsaya a ma'ana ta farko. Duba shekarar, duba tutar, sannan ka gwada da zamani da ƙasar mai maganar da kake fassarawa.

Tutar nan ita ce babbar fa'idarsa. Ɗauki pissed. A bakin mutumin Landan, ya bugu ke nan. A bakin mutumin Niyok, ransa ne ya ɓaci. Wanda bai san wannan ba zai mayar da mai fushi mashayi, kuma a fassarar hira ko shaidar kotu wannan ƙazafi ne, ba ƙaramin kuskure ba. Haka locked a Ailan, steaming a Sikotilan, mortal a arewa maso gabashin Ingila, duk buguwa suke nufi, kuma Ba'amurke kansa ba lallai ya gane su ba.

Shekarun ma suna aiki. High ta fara ne da nufin wanda barasa ta ɗauka tun ƙarni na 17, sai a shekarun 1930 ta koma kan ƙwayoyi. Stoned ita ma da giya ta fara kafin ta zama ta masu shan tabar wiwi. Lit ta haura shekara 100 tana nufin buguwa, amma yau matashi zai ce biki ya yi lit, yana nufin ya yi armashi, ko da ba a sha komai ba. Wanda ke fassara tsohon labari da wanda ke fassara waƙar bana ba ma'ana ɗaya za su ɗauka ba. Bayanin asali shi ma yana taimakawa. A three sheets to the wind, kalmar sheet ba zanin gado ba ce, igiya ce da ake ɗaure filafilan jirgin ruwa da ita. Igiya uku sun kwance, jirgi na ta layi. Da ka san haka, ka san tangaɗi ake nufi.

Ƙamus ɗin yana da rauni, kuma ya kamata a faɗa. Mafi damuna shi ne ba ya jera kalmomi bisa ƙarfin mayen. Sau da yawa drunk kawai zai rubuta, ko very drunk. Amma tipsy, merry da buzzed na wanda abin ya ɗan taɓa ne, yana cikin hankalinsa. Plastered, smashed da hammered na wanda ya yi tatil ne. Paralytic da legless kuwa sai an ɗauke shi. Wannan bambancin dole ka tsamo shi da kanka daga misalan, ka karanta aƙalla 4 ko 5 kafin ka yanke hukunci. Ba ya kuma gaya maka ƙarara wace kalma ce za a iya faɗa a gaban manya. Pissed da shitfaced ashar ne, ba a sa su a rubutun ofis. Babu sautin furuci, kuma gajerun alamomin nahawu na iya gajiyar da sabon shiga.

A ɓangaren zumuɗi da rawar kai, irin su hyped, wired da turnt, ya fi ƙarfi kan waɗanda suka daɗe. Sarar da aka ƙirƙira makon jiya a TikTok takan ɗauki lokaci kafin ta shiga, domin ana jiran misalai rubutattu. A nan Urban Dictionary, wani ƙamus na sara a intanet wanda Aaron Peckham ya kafa a 1999, ya fi Green's sauri. Sai dai can kowa ke rubuta abin da ya ga dama, masu karatu su kaɗa ƙuri'a, kuma sau tari bayanin da ya fi ban dariya ne ke hawa sama, ba wanda ya fi daidai ba. Idan sabuwar kalma ta tilasta maka zuwa can, karanta bayani uku ko huɗu na mutane daban-daban, ka ga ko sun haɗu a kan ma'ana ɗaya, sannan ka koma Green's ka nemi tushen kalmar, domin sau da yawa tsohuwa ce aka yi wa sabuwar riga.