Sharhi kan gidan rainon tsirrai da na sayi dashen namijin goro a Ibadan

Na sayi dashen namijin goro guda uku a wani gidan rainon tsirrai da ke Ibadan, kuma bayan wata takwas ina kula da su, na ga ya dace in bayyana abin da na tarar.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mai wurin ya koya mini gane itacen, domin 'ya'yansa kawai na sani a faifan masu goro. Ya nuna mini cewa ganyayensa masu kauri da sheƙi suna fitowa ne bibbiyu suna fuskantar juna, saɓanin na goro da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya karce reshe da farce, sai ga wani ruwa rawaya mai danƙo ya tsattsafo. Yarabawa suna kiransa orogbo, kuma ya yi ƙaranci a kurmi saboda yawan saransa da ake yi don asuwaki.

Ya gaya mini gaskiya cewa itacen yana buƙatar inuwa da ƙasa mai laima yana ƙarami, kuma wanda aka shuka daga iri yakan shekara 7 ko fiye kafin ya yi 'ya'ya.

Sai dai ɗaya daga cikin ukun ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe, ya bushe cikin mako shida, abin da ya sosa mini rai ƙwarai. Sauran biyun suna ƙarƙashin ayaba, sun fitar da sabon toho. Mai niyyar saye ya nemi a buɗe masa ƙasan ledar ya duba saiwar kafin ya biya.