Tambayar magunguna a bakin gado: me wannan hidima ta iya, ina ta gaza?

A asibitocin da ake tura masanin magunguna ya zauna da majinyaci cikin awa 24 da kwantar da shi, hidimar ta cancanci yabo. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ita ce a dogara da majiya biyu aƙalla: bakin majinyaci, sai kuma ledar magungunansa ko katin asibitinsa na baya. Kowane magani a rubuta sunansa, ƙarfinsa, sau nawa ake sha, da ranar shan ƙarshe.

Amfanin yana fitowa ne idan aka zazzage ledar a kan gado. Nan za a ga Panadol da parasitamol, ana sha tare a zaton magani biyu ne, alhali ɗaya ne, kuma babba ba ya wuce giram 4 a rana. Nan za a ga diclofenac na ciwon gwiwa kusa da warfarin, maganin hana daskarewar jini, haɗin da ke jawo zubar jini. Ga kuma ƙullin “haɗi” daga kemis, ƙwayoyi tsirara babu kwali balle suna.

Gwanin ma'aikaci ba ya tsayawa a “Baba, kana shan magani?” Yakan bi da jiƙo, maganin basir, ɗigon ido da allurar tazarar haihuwa, don mutane ba sa ƙirga su cikin magani. Wajibi ne ya tambayi ƙwayar ƙiba, sha-ka-fashe: sau da yawa dexamethasone ce, wato maganin rage kumburi mai ƙarfi, kuma yanke ta farat ɗaya bayan an daɗe ana sha na iya sa awon jini (BP) ya faɗi ƙasa sosai. Idan majinyaci ya ce wani magani “ba ya karɓa ta”, a bi diddigi. Ƙaiƙayin kulorokwin daban, kumburin leɓe da saɓewar fata bayan Septrin daban.

Raunin hidimar biyu ne. Wanda aka kwantar da dare ko ƙarshen mako yakan kwana biyu ba a zo kansa ba, kafin nan an riga an rubuta masa magani. Na biyu ya fi muni: ranar sallama ba a cika gwada sabuwar takarda da tsohuwar leda ba, sai mutum ya koma gida yana haɗa amlodipine (maganin hawan jini) na asibiti da wanda ya bari a ɗaki. Mai jinya ya zo da ledar ranar sallama, ya nemi a ware masa wanda aka dakatar.