Wane wasan ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ya cancanci kuɗin tikitinka?

Kafin ka biya kuɗin tikiti, fara da duba ƙungiyar da za ta zo karawa, don ita ke nuna ko za a yi wasa ko za a yi wa wani dukan kawo wuƙa. Matakin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, yana da ƙungiyoyi fiye da 350, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce ƙwarai.

Mafi arha su ne wasannin gida na Nuwamba da Disamba. A lokacin ne manyan jami'o'i ke biyan ƙanana kuɗi su zo gidansu. Sau da yawa kafin a tafi hutun rabin lokaci, wato bayan minti 20, an riga an san mai nasara, koci kuma ya zaunar da taurarinsa a benci. Ga mai son kai yara su ga fili, ya wadatar. Gasannin da ake yi a filin 'yan ba-ruwanmu, irin Maui Invitational da ake yi a Hawaii, sun fi armashi, sai dai kuɗin jirgi da masauki ya fi na tikiti.

A ganinmu, wasannin Janairu da Fabrairu, waɗanda jami'o'in rukuni ɗaya ke yi a tsakaninsu, sun fi biyan buƙata, musamman idan baƙuwar ƙungiya tana bakin gaɓar samun gurbi a gasar Maris, wadda ake fitar da zakaran ƙasa a cikinta. Irin wannan ƙungiya takan yi wasa da dukan ƙarfinta har ƙarshe, tikitin kuma bai kai na karawar jami'o'in Duke da North Carolina tsada ba. Wancan wasan, idan a Cameron Indoor Stadium ne, wato filin Duke, kujeru 9,314 kacal ake rububi a kai, shi ya sa farashi ke tashi a StubHub, shafin sake sayar da tikiti.

Wajen auna abokiyar karawa, kada ka tsaya kan jerin AP Top 25 kaɗai, wato ƙungiyoyi 25 na gaba da kamfanin labarai na AP ke fitarwa. Ƙuri'ar 'yan jarida ce, suna kuma yana tasiri a cikinta. Duba jadawalin NET, wanda NCAA ta kawo a 2018 ya maye gurbin tsohon ma'auni mai suna RPI. A ma'auninsa, wasa yana shiga aji na ɗaya, wato mafi daraja, idan an kara a gida da ƙungiyar da ke tsakanin matsayi na 1 zuwa 30, ko 1 zuwa 50 a filin 'yan ba-ruwanmu, ko 1 zuwa 75 a gidan abokiyar karawa. Ƙungiyar da ta tara nasarori amma duk a kan na ƙasa ta samo su, kada yawan ya ruɗe ka. Shafin KenPom kuma yana lissafa makin da ƙungiya ke ci da wanda ake cin ta a kowane riƙon ƙwallo 100, don haka mai wasa a hankali ba za ta fito kamar raguwa ba.

Inda mutane ke yawan yin asara shi ne sayen tikiti bisa ƙarfin da ƙungiya ta nuna bara. Tun 2021 'yan wasa ke iya sauya jami'a ba tare da zaman shekara guda ba, ƙungiya na iya canzawa kusan gaba ɗaya a hutu ɗaya. Duba sunayen 'yan wasan bana da masu rauni. Ka lura kuma ko tana dogara da dogon ɗan wasa guda: laifi biyar ake fitar da mutum a wannan matakin, idan ya yi biyu da wuri, koci yakan ajiye shi har bayan hutu.

Mai biyan kuɗin kallo daga Najeriya ya lissafa da barcinsa: wasan ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka ƙarfe 1 na dare ne a Kano a watannin sanyi.