Darasin Turanci na yamma a Mabera: ajin yara ya ci kuɗinsa, na jarrabawa da saura

Akwai wata cibiyar koyar da Turanci a unguwar Mabera cikin Sakkwato da iyaye suka yi ta tambayata a kanta tun da suka ji 'yata da ɗan ƙanena suna zuwa. Gida ne na haya, ɗaki uku da rumfar kwano a tsakar gida. Aji biyu suke da shi: na yaran firamare da ƙaramar sakandare, da na masu shirin WAEC, NECO da JAMB. Ba zan faɗi sunan wurin ba, domin akwai abin da zan kushe.

Abin da ya fara jan hankalina lokacinsu ne. Alhamis da Juma'a bayan la'asar, sai safiyar Asabar. Duk wanda ya san Sakkwato ya san Alhamis da Juma'a ne Islamiyya ke hutu, don haka yaro ba ya barin hadda saboda boko.

'Yata tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Tana iya karanta shafi guda na Turanci ba gargada, amma a ce ta buɗe baki ta yi jimla biyu, sai ta sunkuyar da kai. Ba ita kaɗai ba ce. Yaranmu da Hausa suke kwana, da ita suke tashi, kuma a makarantu da yawa wanda ya yi kuskure dariya ake yi masa, wanda ya yi Hausa a ci shi tara. Yaro ya gane shiru ya fi masa arha.

Malamar ajin yaran ta gane wannan ciwon. Wata Asabar na je ɗaukar yarinyar da wuri, na tsaya bakin taga. An mai da aji kasuwa. Ga albasa 'yar Gada a faranti, ga tumatir, ga kuɗin takarda da yaran suka yanka da kansu. Wani yaro mai ƙaton kai shi ne mai kaya, 'yata kuma mai saye, kuma dole cinikin ya kasance da Turanci. Ya sa kuɗi, ta taya, ya ce albarka, ta juya kamar za ta tafi, ya kira ta. Turancin a karye yake, amma ba wanda ya tsaya. Malamar tana gefe da ɗan littafi tana rubutu, ba ta katse kowa ba. Sai da aka tashi kasuwa ta rubuta jimloli biyar a allo, ba ta ce ga wanda ya yi su ba, aji duka suka gyara tare.

Da na yi mata magana ta ce, "Alhaji, in na tsayar da yaro tsakiyar magana don gyara, wanga yaro ba ya ƙara buɗe baki sai wani mako." Gaskiyarta.

Haka take yi da tatsuniya. Za ta ɗauko Gizo da Ƙoƙi da Turanci, daidai inda Gizo zai shiga uku ta yi shiru, ta ce kowa ya zo da ƙarshen labarin gobe. Maza kuwa da ƙwallo take kama su: a kunna musu guntun wasa a waya ba murya, su yi sharhi. Aikin gida ma ba cika takarda ba ne, saƙon murya ne na minti ɗaya ta WhatsApp ɗin iyaye, a faɗi abin da aka ci da dare ko wanda ya zo gida. Wayata ta sha wahala, amma yanzu yarinyar ce ke karanta wa kakarta takardar magani tana yi mata bayani. Kuma ba a hana Hausa a ajin. In abu ya cije, malamar ta warware shi da Hausa a koma.

Ajin jarrabawa kuwa wata duniya ce. Ɗan ƙanena yana can, kuma abin da ake yi daga farko har ƙarshe tsofaffin tambayoyi ne: malam ya karanta, ya faɗi amsa, a wuce. Na san dalilinsu. Ba a shiga jami'a, ko Danfodiyo ko wata, sai da kiredit a Turanci, kuma a JAMB tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne. Amma WAEC tana da rubutun insha'i da taƙaita bayani, waɗanda hadda ba ta fid da mutum a cikinsu, ga shi tun da yaron ya shiga ba a taɓa karɓar insha'insa an duba ba. Takardar furuci ma a allo ake koyar da ita, alhali yaranmu da ke cakuɗa P da F kunnensu ne ke bukatar aiki. JAMB da kwamfuta ake rubuta ta, cibiyar ba ta da ko ɗaya. Rabin ajin barci suke yi, sauran suna latsa waya a ƙarƙashin benci.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu garin nan kan haura digiri 40, kuma ajin manyan a rumfar kwano yake. In an ɗauke wuta ba fanka ba janareto. Randa ɗaya ce a bakin ƙofa, kafin a yi nisa ta ƙare.

Kuɗin wata-wata ake biya, kuma bai fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba. Abin da ke cin aljihu kuɗin keke napep ne, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Wanda ke Arkilla ko Runjin Sambo ya yi wannan lissafin kafin ya sa yaro.

'Yata za ta ci gaba muddin wannan malamar tana nan, kuma kafin ka biya ka tambaya ko ita ce za ta riƙe ajin ɗanka. Ɗan ƙanena kuwa na gaya wa mai cibiyar, in ba a fara duba insha'i ba zuwa ƙarshen wata, zan cire shi.