Digiri na biyu kan harkokin ɗalibai a jami'o'in Amurka: ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Kwas ɗin da aka fi sani da HESA, wato ilimi mai zurfi da harkokin ɗalibai, yana horar da masu gudanar da jami'a da kula da rayuwar ɗalibai a wajen aji. Shekara biyu ne, yawanci kiredit (ma'aunin yawan darussa) 36 zuwa 48. Ya cancanci a yi shi, amma da sharaɗi: a shiga da gurbin aiki a hannu.

Gurbin nan shi ne ƙashin bayan karatun. Ɗalibi zai yi wa jami'a aikin awa 20 a mako, ita kuma ta yafe masa kuɗin karatu, duka ko wani kaso, ta haɗa da alawus. Guraben sun fi yawa a ɗakunan kwanan ɗalibai, inda ake ƙarawa da masauki, sau da yawa har da abinci. Amma a san abin da aka ɗauka. Makon da wayar gaggawa ke hannunka, tana iya ƙara ƙarfe biyun dare: ɗalibi ya sha ya faɗi a banɗaki, ko abokan ɗaki sun kaure da faɗa. Kai za ka tashi, ka kira masu tsaro ko motar asibiti, ka rubuta rahoto kafin gari ya waye, sannan ka shiga aji. Awa 20 ɗin nan takan zarce, musamman a watan Agusta da ɗalibai ke tarewa.

A aji, darasin doka ne ya fi amfani. Dokar FERPA ta 1974 ita ce dalilin da uba zai bugo waya yana neman sakamakon ɗansa, ma'aikaci ya ce sai da izinin ɗalibin a rubuce, in ban da wasu keɓantattun yanayi. Akwai Title IX ta 1972 kan wariyar jinsi, da dokar Clery ta 1990 da ta tilasta bayyana laifuffukan da aka yi a harabar makaranta. Kuskure a nan yana jawo wa jami'a tara.

Darussan yadda ɗalibi ke girma da sauyawa suna da daɗi, sai dai tsofaffin nazariyoyin, irin ɓangarori bakwai na bunƙasar ɗalibi da masani Arthur Chickering ya fitar a 1969, an gina su ne kan ɗaliban Amurka na wancan zamani. Malami nagari zai faɗa maka iyakarsu. Inda kwas ɗin ya fi rauni shi ne kasafin kuɗi da auna sakamakon aiki; wasu jami'o'in darasi guda suke ware musu, alhali nan ake tuntuɓe da zarar an samu ƙarin girma.

Ma'aunin CAS, majalisar da ke tsara ƙa'idojin wannan fanni, ya nemi aƙalla awa 300 na aikin gwaji ƙarƙashin kulawa, a wurare biyu daban. Wanda aikinsa ke ɗakunan kwana, ya nemi gwajinsa a ofishin ba da shawarar karatu ko na ladabtarwa, don kada ya fito da hannu ɗaya.

Ɗalibin waje mai bizar karatu ta F-1 ya lura: gurbin ya cinye masa duk awa 20 da doka ta yarje a lokacin zango, gwaji a wata makaranta sai da CPT, izinin aikin horo a cikin karatu, kuma bayan kammalawa izinin aiki na OPT na wata 12 ne, tunda galibi ba a lissafa kwas ɗin cikin fannonin kimiyya masu ƙarin lokaci. Albashin farko a wannan aiki ba shi da kauri, shi ya sa cin bashi dominsa ba dabara ba ce.

Hirar neman gurbi takan faɗo a Fabrairu, kuma yawancin jami'o'i sun amince kada a matsa wa ɗalibi amsa tayin tallafi kafin 15 ga Afrilu. Kafin ranar, a nemi amsa a rubuce: yafewar ta haɗa da ƙananan kuɗaɗen rajista da inshorar lafiya? Alawus na wata nawa ne, tara, goma ko sha biyu? Makon gaggawa sau nawa yake zagayowa a zango? Sannan a nemi wanda ke riƙe da gurbin yanzu a ji ta bakinsa, ba a gaban shugabansa ba.